Ƙofar madaci da benci a waje: me za a shafa musu su jure rana da damina?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na sa an yi mini ƙofar gida ta katakon madaci, da benci biyu da za mu riƙa zama a kai a tsakar gida, a nan Zariya. An riga an shafa musu kala ja mai duhu, kuma kalar ta yi mini. Kafintan ya ce a fesa folish irin na gado, mai shagon fenti ya ce in sayi foliyuretan, wani abokina kuma ya ce sai dai banish ɗin jirgin ruwa. Ƙofar tana kallon gabas, akwai 'yar rumfar kwano a samanta. Bencinan kuwa a fili za su zauna. Wanne zan saya in shafa sau ɗaya in huta?"

Wa alaikumus salam. In na fahimce ka, Malam, buƙatarka biyu ce: kalar nan ta ci gaba da fitowa tare da zanen katakon, sannan abin da za a ɗora mata ya jure rana da ruwa ba sai ka sake waiwayarsa ba. Ta farko tana samuwa. Ta biyun ce babu, kuma gara ka ji tun kafin kuɗinka su shiga aljihun mai shago. Duk abin da ido ke hango katako ta cikinsa, rana ma tana ratsa shi, don haka sabuntawa dole ce. Zaɓin da ke gabanka shi ne na irin lalacewar da za ka iya gyarawa ba tare da wahala ba. Kuma ƙofar da bencinan ba abu ɗaya ya dace da su ba, ko da daga gungume ɗaya aka tsago su.

Abin da ke cin katako a waje

Ruwan sama ake ɗora wa laifi, amma rana ce ke share masa hanya. A cikin haskenta akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, ultirabayolet, wanda ke ruguza lignin, sinadarin da ke riƙe zaren itace wuri ɗaya. In katakon ba a shafa masa komai ba, ruwa yana wanke saman da ya ruguje, shi ya sa tsohon benci ke komawa toka-toka. In kuwa an lulluɓe shi da banish garau, hasken yana wucewa ta cikin banish ɗin ya cinye fatar katakon da ke ƙarƙashi. Banish ɗin kansa yana nan, amma abin da ya kama ya zama gari. Sai ka ga wuri ya yi fari-fari, ya ɗan tashi, ka sa farce ya ɓare.

Na biyu shi ne motsin katakon kansa, kuma a nan ƙasarmu ta fi yawancin wurare tsanani. A tsakiyar hunturu laimar iska a Zariya da Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura 80. Katako yana bin iska: danshin cikinsa yakan sauka zuwa wajen kashi 5 a rani, ya hau zuwa wajen 15 a damina. Ba ya ƙara tsawo, faɗi yake ƙarawa. Ƙofa mai faɗin santimita 90 tana iya motsawa da santimita ɗaya ko fiye tsakanin Fabrairu da Agusta. Ka san ƙofar nan da ke rufuwa lafiya lau da sanyi, damina na tsayawa ta fara cijewa sai an sa kafaɗa? Wannan ne dalili. Duk abin da ka shafa mata, ko dai ya miƙe tare da ita ko ya tsage, kuma tsagar da ta fi gashi siranta ta ishi ruwa ya shiga.

Kallon gabas da ka ambata yana da muhimmanci. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskarsa tana watso ruwa a karkace, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa. Rumfar za ta kare saman ƙofar, amma daga gwiwa zuwa ƙasa ruwa zai duke ta, ga wanda ke fallatsowa daga daɓe. Sa'ar da ka yi ita ce ranar safe kawai za ta sha. Ƙofar da ke kallon yamma, wadda ke shan rana tun daga azahar har faɗuwarta, ita ce ba na ba kowa shawarar ya yi mata banish.

Fara sanin wace kala aka shafa

Kafin maganar abin da za a ɗora, tambayi kafintanka me ya shafa, don kalar katako iri biyu ce. Akwai rini da ake narkawa a sifirit, wanda masu yin gado da sif suka fi amfani da shi saboda yana bushewa nan take kuma yana fito da zanen itace. Akwai kuma mai garin launi, wadda ke kwantawa a gindin gwangwani sai an juya. Rinin sifirit na cikin ɗaki ne. A rana yana koɗewa ko da banish nawa ka jibga masa, jan nan naka ya koma wani ɗorawa-ɗorawa marar kyau. Garin launi kuwa, musamman ja da ruwan ƙasa, yawanci tsatsar ƙarfe ce da aka niƙa, sinadarin da ya sa jar ƙasa ta yi ja. Rana ba ta koɗar da shi, kuma yana tare hasken kafin ya isa ga katako. A gaskiya shi ne mai gadin, banish ɗin mataimaki ne.

Gwajin ba wuya. Ka jiƙa farin tsumma da sifirit ka goga a bayan ƙofar ko ƙarƙashin benci. In tsumman ya rine nan da nan, wurin kuma ya yi haske, rini ne. Ba sai an kankare komai ba. A ɗora masa shafi ɗaya na kalar waje mai garin launi wadda ta yi kusa da jan, sannan a ci gaba. Zai ɗan ƙara duhu, amma kalar da za ka gani yau ita za ka gani baɗi.

Ka kuma ɗiga ruwa kaɗan a kan katakon. In ya tsaya ya yi ƙwallo bai shiga ba bayan mintuna, wataƙila an riga an fesa sila, wato share fagen da ake yi wa kayan ɗaki kafin folish. In ita ce kam sai an cire ta da samfefa. Tana da laushi, banish ba ya kama ta sosai, mai kuma ba zai ratsa ta ya shiga katako ba.

Shawarwari ukun da aka ba ka

Folish irin na gado, a ajiye shi gefe. Kafintanka ba cutarka zai yi ba, abin da hannunsa ya saba da shi ke nan, kuma a ɗaki yana da kyau. Amma siriri ne, yana da gautsi, ruwa na kwana a kansa ya yi fari. A waje da wuya ya ga ƙarshen damina ɗaya.

Foliyuretan na gama-gari, wani banish mai tauri, an yi shi ne don teburi da daɓen katako, inda ake son tauri saboda gogayya. Taurin nan ne illarsa a waje, don ba ya miƙewa yadda ƙofarka za ta buƙata, kuma na cikin gida ba a zuba masa maganin rana. In ya fara ɓarewa, faci ba ya yi masa, sai dai a kankare duka. Akwai wanda aka rubuta Exterior a jikinsa, ya fi dama, amma ka karanta da idonka, kada ka tsaya ga "ai duk ɗaya ne" na mai shago. Haka nan man sheƙin mota mai haɗi biyu da wasu ke fesa wa ƙofofi yanzu: yana jure rana ƙwarai, yana ɗaukar ido, sai dai ƙarfen mota ba ya kumbura da damina. A kan katako yakan tsage a mahaɗa, kuma tururinsa guba ne ga mai feshin da ba shi da takunkumin kirki.

Abokinka ne ya fi kusa da daidai, amma da sharaɗi. Banish ɗin jirgin ruwa, wanda za ka ga an rubuta Marine ko Spar ko Yacht a gwangwaninsa, asalinsa na sandunan jiragen ruwa ne masu tafiya da iska, waɗanda ke lanƙwasawa suna shan rana da ruwan gishiri. Mai ya fi yawa a cikinsa, galibi man tung ko man linsid, mayukan 'ya'yan tsirrai masu bushewa, shi ya sa ko ya bushe yana da ɗan taushi, yana bin katako in ya kumbura ya kuma dawo tare da shi. Mai kyau daga cikinsu yana ɗauke da sinadarin da ke shanye ultirabayolet. To sinadarin nan ƙarewa yake yi a hankali, kuma yawansa ya danganta da kaurin abin da aka shafa. A nan aikinmu ke faɗuwa. Masu jiragen ruwa sukan yi shafi shida zuwa goma, su kuma ƙara duk shekara. Mu kuwa a yi shafi biyu, ƙofa ta ɗau ƙyalli, a sallami kafinta, a ce an gama. Bayan shekara a ce banish ɗin jabu ne.

Cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke Madison a jihar Wisconsin, wadda aka kafa a 1910, ta daɗe tana shanya alluna a fili tana duba abin da ke ɗorewa. Abin da ta gano shi ne banish garau a kan katakon da ke shan rana kai tsaye yakan fara lalacewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, fenti mai rufewa ne ya fi daɗewa, kala mai shiga jikin katako kuma tana tsakiya. Wannan fa a ƙasar da ranarta ba ta kama ƙafar tamu ba. Saboda haka ga ƙofarka, da take tsaye, ruwa ba ya kwana a kanta, ga rumfa, ga ranar safe kawai, banish ɗin jirgin ruwa zai yi, matuƙar za a yi shi da kauri a kuma riƙa duba shi. Ga bencinan kuwa, a'a.

Bencinan mai suke so

Benci a kwance yake. Ranar tsaka tana sauka a kansa kai tsaye, ruwa yana kwanciya, a ɗora buta, yaro ya hau da takalmi mai yashi, a ja shi daga nan zuwa can. Karce ɗaya ya ishi ruwa ya shiga ƙarƙashin banish, ya kasa fita, ya yi baƙin tabo yana faɗaɗa. Gyaransa kuwa sai an kankare har katako, kalar da kake so ta tafi tare da shi.

Abin da ya dace da su shi ne mai mai shiga jikin katako wanda aka haɗa da garin launi, irin wanda ake rubuta wa Decking Oil ko Exterior Wood Stain. Bambancinsa da banish kamar na riga da basilin ne a hunturu: riga in ta yage sai ɗinki ko sabuwa, basilin kuwa ƙarewa yake yi ka ƙara. Man nan ba ya barin fata a sama, don haka babu abin da zai ɓare. Kare katakon da yake yi bai kai na banish mai kauri ba, ba shi da ƙyalli, kuma zai nemi ƙari sau biyu a shekara, kafin ruwan farko da bayan ɗaukewar damina. Amma ƙarin aikin hantsi ɗaya ne: a wanke da ruwa da sabulu, a bari ya bushe kwana biyu, a shafa. Kai da kanka za ka iya, ba sai an kira kowa ba. Ka zaɓi mai launi, kada ka ɗauki garau, don garau ɗin ruwa kawai yake tarewa, benci zai yi toka-toka duk da haka.

Wajen shafawa ne ake kuskure. A shafa ya jiƙe sosai, a ba shi minti 15 zuwa 20 ya sha, sannan a goge duk abin da ya rage da busasshen tsumma har hannu ya daina jin maiƙo. Wanda aka bari a sama ba ya bushewa da kyau, danƙo yake yi, ya kama ƙura, ranar Juma'a baƙo ya zauna da farar shadda ya tashi da ja a baya. A ba shi kwanaki kafin a fara zama. Tsummokaran da aka yi aikin da su kuma kada a dunƙule su a jefa lungu. Man linsid yana fitar da zafi sa'ad da yake bushewa, kuma dunƙulen tsumma yana iya kamawa da wuta shi kaɗai. A baza su a ƙasa su bushe, ko a tsoma su a bokitin ruwa.

Man linsid zalla ba na son sa a waje, don a Agusta funfuna tana cin sa, benci ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Man gyaɗa da manja ba sa bushewa sam, wari za su yi. Baƙin man mota da ake shafa wa katakon rufi saboda gara, kada ya kusanci abin da mutum zai zauna a kai: yana ɗauke da guba, ba ya bushewa, kuma bayansa babu fenti ko banish da zai sake kamawa.

In kuwa da gaske hutun kake so fiye da zanen itacen, to fentin mai ne amsarka: share fage ɗaya, shafi biyu na ja mai duhu, ka yi shekaru ba ka taɓa ba. Sai dai ka rufe madaci ke nan, wanda zai wuce ba zai bambanta shi da katakon banza ba.

Yadda za a yi wa ƙofar

Ƙofofin da ake kawo mini gyara kusan wuri ɗaya suke fara mutuwa. In ka kwantar da ƙofar ka duba gindinta, inda zarto ya yanke katakon, za ka tarar ko kala ba a shafa ba, don a rataye aka yi aikin, burushi bai kai can ba. Bakin yankan nan kuwa yana zuƙar ruwa ninki da yawa fiye da fuskar katako. Ruwan ya hau ta ciki, ya tura banish daga baya, ka ga baƙi yana tasowa daga ƙasa kamu ɗaya ko biyu, alhali saman ƙofar yana ƙyalli. Wuri na biyu shi ne kaifin gefe, inda banish ke janyewa ya bar siririn shafi.

Saboda haka a cire ƙofar, a kwantar da ita a ɗaki ko cikin inuwa. A ɗan kashe kaifin gefuna da samfefa su yi santsi, a gyara kalar wurin. Fuska biyu, gefe biyu, sama da ƙasa, duka shida sai sun samu, gindin kuma a ba shi har ya daina sha. Shafin farko a sirka shi sosai don ya shiga ramukan madaci, wanda katako ne mai buɗaɗɗen jiki. A sirka da abin da aka rubuta a gwangwanin, yawanci tafintin ko White Spirit. Tinar folish tana iya narkar da kalar da ke ƙasa ta dama ta, fetur yana ƙafewa kafin banish ya baje, kananzir kuma yana jinkirta bushewa. Tsakanin shafi da shafi a ba shi kwana guda, a bi shi sama-sama da samfefa mai lamba 220 ko 320, a share garin. Kada a yi amfani da soson ƙarfe, don burbushinsa yana maƙalewa ya yi tsatsa. Fuskar waje kada ta gaza shafi biyar ko shida. Lita ɗaya takan rufe wajen murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya, ƙofa kuma gaba da baya ta kai murabba'in mita 4, ka ga lita biyu zuwa uku za ka tanada.

In kalar da aka shafa mai haɗin mai ce, a bari ta bushe sosai tukuna, musamman in banish mai haɗin ruwa za a ɗora, wanda ke son a jira aƙalla kwana uku. Shi wannan na ruwan yana miƙewa da kyau kuma ba ya yin ɗorawa, amma a busasshiyar iskarmu yana daskarewa a bakin burushi ya bar layi-layi, sai hannun da ya saba. Wani abu kuma: in firam ɗin ƙofar iroko ne, kamar yadda ake yawan haɗawa, a goge shi da tina kafin shafin farko, don akwai wani sinadari a jikinsa da ke hana banish mai mai bushewa da wuri.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba. In dole sai a hunturu, a yayyafa ruwa a daɓen ɗakin, a rufe taga. Kada a shafa a kan katakon da rana ke dukansa, don iskar cikinsa tana fitowa ta huda banish ya yi ƙuraje. Da dare kuma fitila tana tara ƙwari su manne.

Bayan an rataye ta, a bar tazara tsakaninta da daɓe. Duk shekara wajen Afrilu ka dube ta da hasken safe. Inda ƙyalli ya dusashe, musamman ƙasa, lokaci ya yi: samfefa sama-sama, shafi ɗaya ko biyu. In ka jira har ya tsage, aikin ya koma na kankara. Ƙafafun bencin ma bakin yanka ne, a tsoma su a gwangwanin mai su kwana, sannan a buga musu guntun robar tsohuwar taya don kada su zauna cikin ruwa.

Gara kuwa babu ruwanta da banish. Jan cikin madaci yana ɗan jure mata, amma farin gefensa abincinta ne. Bayan firam, inda ya haɗu da bango da ƙasa, a sha shi da maganin gara irin su Solignum kafin a kafa, a kuma bari ya bushe, kada ya taɓa fuskar da za a yi wa banish.

Duk wannan ban ga ƙofarka ba na faɗe shi, kuma abin da ke cikin gwangwani ba kullum yake daidai da abin da aka rubuta a jikinsa ba, don akwai sirki da jabu a kasuwa. Ka karɓi guntayen katakon da suka rage a wurin kafintan, a shafa musu kalar nan, ka yi musu duk abin da za a yi wa ƙofar da bencin. Bayan mako guda ka tsaga layuka masu gitta juna kamar gidan dara a kan banish ɗin da reza, ka manna salatif ka fizge. In ya taho da banish, kalar da banish ɗin ba su jitu ba, a canza ɗaya kafin a taɓa ƙofar. In kuma bayan kwana biyu yatsa yana mannewa, ko dai kalar ba ta gama bushewa ba, ko gwangwanin ne ba na kirki ba, sai ka mayar wa mai shago tun ba ka zuba masa tafintin ba.